Shin kulle ƙanina a ɗaki zai raba shi da kodin da tiramol?

Ɗan'uwa, don Allah kada ka kulle shi. Na san zuciyarka ta yi zafi, amma jikinsa ya riga ya saba da ƙwayar. Da zarar ya yanke ta farat ɗaya, cikin kwana guda za ka ga yana hamma, majina da hawaye suna zuba, gumi, gudawa, ƙasusuwa na yi masa ciwo kamar an yi masa duka. Abin kan tsananta a kwana na 2 zuwa na 3.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bayan ya fito. Jikin ya rage sabo, in ya koma shan adadin da yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa, balle in ya haɗa da giya ko ƙwayar sa barci irin diazepam.

Ka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, su rage masa a hankali. In kuwa ka tarar da shi yana wani munshari, leɓɓansa sun canza launi, ƙwayar idonsa ta tsuke, ba ya farkawa, kwantar da shi a gefensa, ku garzaya asibiti. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi.