Muryar da aka turo kan jarumar gem ɗin nan, Hatshepsut

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri, murya zan yi, abin ya fi ƙarfin rubutu, kuma babban yatsana ya gaji.

Ƙanena, na ga zanen da ka turo jiya da daddare, na ga tambayarka. Ka ce ka ƙirƙiro jaruma irin ta gem ɗin waya Mobile Legends, ka sa mata suna Hatshepsut, sarauniyar tsohuwar Masar, kana so a taya ka zaɓen ulti, wato babban makaminta na ƙarshe, ko ruwan kunamu ko guguwar yashi. To ni dai ba wannan na ji ka tambaya ba. Abin da ke cin ranka, ka turo abu tun ƙarfe goma, mutum 40 da wani abu a gurup, ba wanda ya ce uffan sai mutum biyu da suka ɗaga maka babban yatsa. Kana so ka san me ya sa ba ta burge kowa ba. Zan faɗa maka, kada ka ji haushi. Hannunka ya iya zane, wallahi ya iya, inuwar fuskar nan ma kaɗai ta isa. Amma wadda ka zana ba Hatshepsut ba ce. Khufra, wani jarumin gem ɗin, ka zana ka sa masa jan baki.

Duba fa. Bandeji a hannu, bandeji a ƙafa, buzuzu a ƙirji, dala a bayanta, ga raƙumi tana kai. Khufra yana nan a gem ɗin tun tuni, da naɗe-naɗensa, yana dunƙulewa kamar ƙwallo yana tare mutane. Me zai sa in bar shi in ɗauki ƙanwarsa? Duk wanda aka ce ya zana sarkin Masar sai ya tafi maƙabarta ya ɗauko gawa. Mutanen nan sun yi rayuwa fa kafin su mutu. Matar nan ta yi shekara 20 da ɗoriya tana riƙe da ƙasa, daga wajen 1479 zuwa 1458 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ba ta yi mulki a naɗe da tsumma ba.

Dalar nan ka cire ta. Babbar dalar Giza ta Khufu ta girme ta da shekara 1,000 da wani abu. A zamaninta sarakuna sun daina gina dala, a cikin dutse suke haƙa kabari, a Kwarin Sarakuna, can kudu wajen Luksor na yanzu, nesa da Giza sosai. Raƙumin ma ka sauke ta daga kai. Lokacin raƙumi bai zama abin hawa a Masar ba, sai can baya. Jaki ne na kaya, jirgin ruwa ne a Nilu, manya kuma keken doki, dawaki biyu a gaba. In dole sai ka ɗora ta a kan wani abu, ka ɗora ta a jirgi. Zan dawo kan jirgin, shi ne ma maganar.

Af, kafin in manta. Bawan Allahn da ya rubuta «a'uzu billahi, Fir'auna za ku mayar jarumi», na gani, kuma ban raina maganarka ba. Amma a bambance. Kalmar nan asalinta a harshensu «babban gida» take nufi, wato fada, kamar yadda muke cewa fada ta ce kaza alhali sarki ne ya ce. Daga baya ta zama laƙabin duk wanda ya hau. Ƙasar nan ta yi wajen shekara 3,000 ana sarauta, gidajen sarauta kusan 30. Fir'aunan Annabi Musa mutum ɗaya ne a cikinsu, Alƙur'ani bai ambaci sunansa na yanka ba, kuma namiji ne mai mata, Nana Asiya. Ko a Suratu Yusuf ai sarkin lokacin «Malik» aka kira shi. Wannan kuwa mace ce. Sai dai kuma gaskiya ɗaya ce, ita ma ta sa an sassaƙa a bangon haikalinta cewa wai gunkinsu Amun ne ya haife ta. To ƙanena, wannan ɓangaren ka bar musu kayansu, kada ka mayar da shi sikil, wato dabarar faɗanta a gem. Hukuncin zane da na gem kuma akwai malamai, ba a gurup ɗin nan za mu yanke shi ba.

To yanzu saurara, ga abin da ka bari a ƙasa ka je kana kwasar kunamu.

Matar nan 'yar sarki ce, Thutmose na ɗaya. Ta auri Thutmose na biyu, wanda ubansu ɗaya, haka suke yi a gidan sarautarsu. Mijin ya mutu da wuri. Ita 'ya mace ta haifa, Neferure. Magajin gado kuwa yaro ne ƙarami, Thutmose na uku, ɗan wata matar daban mai suna Iset. Ɗan kishiya ke nan, ka gane? Aka ce ta riƙe masa kafin ya girma. Riƙo, riƙo, kafin shekara ta bakwai ta naɗa kanta cikakken sarki, ta ɗauki sunan sarauta Maatkare, ta sa ana sassaƙa gunkinta da gemun jabu irin na sarakuna da ɗan zanen maza. Kuma ba ta kashe yaron ba, ba ta kore shi ba, sunansa na nan tare da nata. Yanzu don Allah wane ɗan Hausa ne za ka ba wa labarin riƙon ɗan kishiya da gadon sarauta ya wuce bai tsaya ba? Ga labarinka nan a hannu. Gemun nan kaɗai in ka sa mata, kowa sai ya tsaya ya tambaya.

Jirgin da na ce. Wajen shekara ta tara ta mulki ta tura jirage biyar ta Bahar Maliya zuwa wata ƙasa da suke kira Punt, can gefen Eritiriya da Somaliya na yau. Suka dawo da turare, da hauren giwa, da zinariya, da baƙin katako, da fatun damisa, har da birai. Abin da ya fi burge ni, sun taho da itatuwan turare 31 da ransu, da saiwarsu a cikin kwanduna, don a dasa a gida. Duk an zana wannan a bangon haikalinta na Deir el-Bahari, har kifayen da ke ƙarƙashin jiragen an zana. Ita da fatauci da gini ta yi suna. Saboda haka kuskure ne ka mayar da ita mai jifa da tsafi daga nesa. Mai tallafa wa tim ce. Ultinta jirgin Punt ne: ya ratso layin da ake fafatawa, duk ɗan tim ɗin da ya taɓa, jininsa, wato ransa a gem, ya ƙaru ya samu ɗan zinare, abokin gaba kuma ya ture shi gefe. Ka ga an huta da guguwar yashi.

Sikil na biyu kuma, a'a tsaya, bari in fara da rauninta, don shi ne ya sa na ɗauki waya tun farko.

Bayan ta mutu da kamar shekara 20, Thutmose na uku, wanda a lokacin ya zama babban mayaƙi, shi ne ya ci garin Megiddo da yaƙi, ya sa aka bi gine-ginenta ana kankare sunanta da hotonta daga bango. Gumakanta aka farfasa aka zuba a rami kusa da haikalin. Sai a shekarun 1920 masu tono na gidan tarihin Metropolitan suka tono gutsattsarin suka harhaɗa, wasu suna New York yanzu haka. Jerin sunayen sarakuna da Seti na ɗaya ya sa aka rubuta a Abydos, an tsallake ta kamar ba a taɓa yin ta ba. Kuma a wurinsu goge suna ba ƙaramin abu ba ne, suna ganin in sunanka ya ɓace daga dutse kai ma ka ɓace a lahirarsu. Ka lura, shekara 20 ya jira. Mai jin zafin kishiyar uwa ba ya jiran shekara 20, shi ya sa masana da yawa suke ganin lissafin gadon ɗansa ne ya sa shi, ba ƙiyayya ba. Amma wannan wata maganar ce.

To ka mayar da wannan gem. Sikil na biyu ta kafa ginshiƙi mai sunanta a jiki. Ai ta yi su da gaske, dogayen ginshiƙan dutse masu tsini a Karnak, ɗaya na nan tsaye har yau, kusan mita 30, daga Aswan aka sassaƙo su, rubutun jikinsa ya ce wata bakwai aka yi ana aikin. A gem ka ba ta uku. Duk ɗan tim da ke kusa da ginshiƙi jininsa na dawowa a hankali. Abokan gaba kuma ba sai sun bi ta da gudu ba, ginshiƙin za su je su kankare. Aka goge ɗaya, ƙarfinta ya ragu. Aka goge duka ukun, sunanta ya ɓace daga saman kanta, 'yan tim ɗinta ma su daina ganinta a taswira na ɗan lokaci. Ka ga yanzu mai buga ta dole ya yi tunanin inda zai kafa, mai yaƙar ta dole ya zaɓa, ita zai bi ko sunanta. Wa ya taɓa ba ka wannan da kunama?

Ni abin nan yana min ciwo ne don an taɓa yi min. Wasu a nan sun sani, tsohon gurup ɗinmu, ba zan kama suna ba. Na zauna kusan sati biyu na haɗa sarkin Masar Ramses na biyu a matsayin jarumin gem. A takarda fa, da biro, a bayan littafin lissafin shago, lokacin wayata ko manhajar zane ba ta ɗauka. Na gina shi a kan yaƙin Kadesh, 1274 kafin haihuwar Annabi Isa, shi da daular Hittiyawa. Labarin ai abin dariya ne. Ya kama wasu makiyaya biyu suka ce masa abokan gaba suna can nesa wajen Halab, ashe turo su aka yi, rundunar Muwatalli, sarkin Hittiyawa, tana laɓe a bayan gari. Ya yi gaba da runduna ɗaya cikin huɗu, aka auka wa ta biyu a hanya, da ƙyar ya sha. Garin bai ci ba. Amma da ya koma gida sai ya sa aka cika bangon Abu Simbel da Karnak da Luksor da labarin wai shi kaɗai ya tarwatsa su. Sai na ba shi baiwa: ko an cinye tim ɗinsa, allon ƙarshe a wayar mai buga shi nasara zai nuna. Maki ba zai ƙaru ba, amma allon zai ce ka ci. Kuma in wasa ya yi tsawo zai iya miƙa sulhu, don shekara 15 ko 16 bayan Kadesh sun rubuta yarjejeniyar zaman lafiya da Hattusili na uku, sarkin Hittiyawa na lokacin, wadda kwafinta ke rataye a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Me aka yi min? Aka ce ba ya ban tsoro. Wani ya ɗauki hoton takardata, ya sake zana shi a kwamfuta, ya naɗe shi da bandeji, ya ba shi maciji a wuya da «la'anar Fir'auna», ya watsa ba ko sunana. Mutumin da ya yi shekara 66 a kan mulki, ya kai wajen 90 a duniya, aka mayar da shi dodo. Da na yi magana aka ce ai gyara min aka yi. Gyara! Kuma la'anar nan ma da ake ta yayi, daga jaridun 1923 ta samo ƙarfi, da Lord Carnarvon, wanda ya ɗauki nauyin tonon, ya mutu 'yan watanni bayan buɗe kabarin sarki Tutankhamun. Cizon sauro ne ya yanke da reza wajen aski ya ruɓe. Howard Carter da ya buɗe kabarin da hannunsa a 1922 sai 1939 ya mutu. Ina la'anar ta tsaya shan shayi duk shekarun nan? Har yau takardar tana cikin akwatina, wani lokaci in na... kai, bar shi kawai, ya wuce.

Ina nake? Sikil na ɗaya. Gaskiya ban gama tunaninsa ba. Na so in ce wani abu da gemun, kamar in ta ɗaura shi sojojin layi su bi umarninta na daƙiƙa kaɗan, amma ina jin zai yi ƙarfi da yawa, za a ce ka yi son kai. Ko ka kawo Senenmut, babban na hannun damanta da ya kula da gine-ginenta ya kuma yi renon 'yarta, ya zama shi ke fitowa ya gyara ginshiƙin da aka fara kankarewa. Eh, wannan ya fi. A'a, amma sai ya zama mutum biyu kake zanawa. Kai dai ka gani.

Takobin hannunta kuma ka canza launi, na ga ka yi shi fari kamar na ƙarfe. Tagulla suke amfani da ita lokacin, ja-ja ce, kuma lanƙwasasshe ne kamar lauje. Ƙarfe a wurinsu ya fi zinariya wuyar samu, wuƙar ƙarfen da aka samu a jikin Tutankhamun ma daga dutsen da ya faɗo daga sama aka ƙera ta. Ni da zan bi son raina ma cire takobin zan yi in ba ta sandar mulki.

Fuskar kada ka taɓa, ta yi. Ka sake turowa ba raƙumi ba dala, kuma ka rubuta sunanka a jikin zanen, a tsakiya inda ba za a iya yankewa ba, ba a gefe ba. Admin, na san na wuce minti goma, a yi min afuwa. Bari in je, ana ta ƙwanƙwasa shago.