Wannan tattarar ta kafaɗar maiko ba kuskure ba ce

Kai yaro, hoton nan da ka turo na yarinyar Kyoto ta ƙasar Japan kana tambaya wai ko telan ne ya kuskure awo shi ya sa ya tattare kafaɗa da hannun rigar. A'a, da gangan aka yi. Wannan maiko ce, wato mai koyon aikin geisha, matan da ke nishaɗantar da baƙi da rawa da kiɗa, su mutanen Kyoto ma geiko suke ce wa wadda ta ƙware. A da tun suna ƙanana ake kai su gidan koyo, to sai a yi musu ɗinki irin na yara, a kalmashe yadi a kafaɗa da hannu don in sun girma a saki, kamar dai yadda muke barin kalmasa a wandon sallar yaro. Yanzu sai yarinya ta kai wajen shekara 15 take farawa amma ba a daina tattarar ba, ita ce ke nuna har yanzu ɗaliba ce.

Abin da nake so ka gane shi ne kimono, wato irin wannan rigar gargajiyar tasu, ba a yanka ta da siffar jiki. Yadin guda ne, faɗinsa bai fi inci 14 zuwa 15 ba, tsawonsa wajen yadi 13, a yanka shi gida takwas duk a miƙe, babu lanƙwasar hammata babu matse ƙugu, ragowar da kai za ka datse da almakashi su cikin ɗinkin suke tura ta, kuma da hannu ake ɗinka ta, saboda in ta yi datti farke ta ake yi gaba ɗaya a wanke yadin a sake ɗinkewa. In ka yanke guntu ɗaya ka ɓata wa wanda zai sake haɗa ta aiki. Ni wannan dabarar tana burge ni wallahi.

Zaman rigar a jiki kuwa wajen sawa ake samunsa. Ta maiko doguwa ce tana jan ƙasa, an cusa auduga a bakinta na ƙasa. Ɗamarar nan da ke reto a bayanta ta wuce mita 5, ga nauyi, shi ya sa akwai maza da sana'arsu kenan, suna bi gida gida suna ɗaura musu. A ƙarshenta akwai tambarin gidan da ke riƙonta. Unguwannin maiko da geiko biyar ne a Kyoto, irin su Gion Kobu da Pontocho, Kamishichiken kuma tana dab da Nishijin inda masaƙan alharini suke.

Duba wuyan rigar ciki a hoton, ja ne da ado, ranar da ta zama geiko fari za ta koma. In wata ta kawo maka irin wannan ɗinkin ka tuna ɓangaren hagu ke hawa kan na dama, akasin haka gawa ake yi wa a can.