Ƙanena ya ce Pain ne ke da gaskiya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ƙanena ɗan shekara 15 ne, ni nake riƙe da shi tun rasuwar mahaifinmu. Naruto, wani katun na Japan, ya shiga ransa, har ya bar kallon katun ɗin ya koma karanta manga, wato littafinsa mai zane-zane, a waya. Ranar nan muna cin tuwo ya ce min wai Pain, ɗaya daga miyagun labarin, shi ne ke da gaskiya, duniya ba ta jin magana sai ta ɗanɗana azaba. Itachi kuwa, wanda ya karkashe danginsa, shi ne a fuskar wayarsa. An kuma turo min wani sauti a WhatsApp cewa da gangan ake zana waɗannan littattafai don yara su so mugunta. Gabana sai faɗuwa yake. In karɓe wayar ne?

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka miki da riƙon da kike yi. Ki bar masa wayarsa tukuna. Sautin nan na san irinsa, kuma da jin maganar ka san mai ita bai buɗe ko ɗaya ba daga babi 700 da Masashi Kishimoto ya zana tsakanin 1999 da 2014. Ya dai ga hoton mai jan ido, ya kunna rikoda.

Abin da ke ba ni haushi, mai sautin da ƙaninki kuskure ɗaya suke yi. Dukansu sun ɗauka idan marubuci ya nuna maka abin da ya ɓata mutum, to ya wanke shi ke nan. Kullum sai na yi wannan gardama da ɗalibai, har na gaji. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma sanin abin da ya tsamar da shi bai sa ya shawu ba.

Duba Nagato, mutumin da ke ɓoye yana sarrafa Pain. Yana yaro mayaƙan Konoha, garin su Naruto, suka kashe iyayensa a gabansa, a Amegakure, ƙaramar ƙasar da manyan ƙasashe suka mayar filin dagarsu. Amininsa Yahiko ya faɗa kan wuƙar da ke hannun Nagato don ya ceci ƙawarsu Konan daga tarkon Hanzo, shugaban Amegakure, da Danzo, wani dattijon Konoha. Dole ka tausaya. To me ya yi da wannan ciwo? Ya kashe Jiraiya, malamin da ya koya masa kare kansa. Ya mayar da Konoha ƙaton rami, da mata da yara a ciki. Shirinsa kuma ya ƙera makamin da zai shafe ƙasa lokaci guda, wai tsoro ya kawo zaman lafiya. Da wuya mutumin Japan ya karanta wannan bai tuna Hiroshima da Nagasaki na 1945 ba.

Masu yanko jawabin Pain su ɗora masa kiɗa a TikTok nan suke tsayawa. Ba sa nuna abin da ya biyo baya. Naruto, jarumin labarin, ya amsa cewa ba shi da amsar tambayar Pain kan yadda za a kawo zaman lafiya, ya je har maɓoyar Nagato, ya saurari labarinsa duka, sannan ya ce masa bai yafe ba, amma ba zai kashe shi ba. Nagato da kansa ne ya sauka daga ra'ayinsa. Ni dai ban ji daɗin yadda Kishimoto ya sa shi ya dawo da matattun Konoha ba, ya sauƙaƙa bashin da yawa. Sai dai Jiraiya bai dawo ba.

Itachi ma haka. Yana shekara 13 Danzo ya matse shi ya zaɓa tsakanin danginsa da garinsa. Amma da aka dawo da shi bayan mutuwarsa a yaƙin ƙarshe, da bakinsa ya gaya wa ƙanensa Sasuke cewa ya yi kuskure, da ya faɗa masa gaskiya tun farko wataƙila da danginsu na Uchiha ba su ƙare haka ba. Mai hoton ya yi nadama, masu liƙa hoton ne suka ƙi ji.

Saboda haka ki zauna da shi, ba da faɗa ba. Ki ce ya ba ki labarin Nagato, ki bari ya kai aya. Sannan ki tambaye shi laifin me yaran Konoha suka yi, kuma me ya bambanta su da Nagato ranar da aka kashe iyayensa. Ki kuma tuna maraya ne ke karanta labarin marayu, don Naruto da Sasuke da Nagato duk haka suke. Mai yiwuwa ba kisan ne ya ja shi ba, rashin ne. Idan kika ga ya daina shiga mutane, ko yana maganar cutar da kansa ko wani, wannan ya wuce zancen littafi, ki kai shi wajen likita.