Daga Njamena zuwa Jidda a jirgin sama

Malam, ka tambayi nisan Njamena da Jidda a jirgi, da ko mahaifiyarka za ta iya jure zaman idan ka kai ta Umara. A miƙe tazarar kusan kilomita 2,800 ce, wajen awa huɗu ke nan a sama idan jirgin bai sauka ko'ina ba. Amma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jirage da dama kewaye sararin ƙasar suke yi, saboda haka ka ƙara lokaci a lissafinka. Idan kuwa tikitinka ta Addis Ababa ya bi, tafiyar ta kai kilomita 4,000, ga kuma jiran sauyin jirgi.

Ni da na raka Inna daga Kusuri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga Njamena, jiran nan ne ya wahalar da ita, ba tashin ba. Mun tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena da sassafe, a wajen sauyin jirgi kuma mun yi awa shida a kan kujerun filin jirgi, ƙafafunta suka kumbura har silifa ta ƙi shiga. Tun lokacin yankan tikiti ka nemi a rubuta mata keken guragu, maganinta kuma ya zauna a jakar hannu. Lokutan da ke jikin tikiti na iya ruɗa ka: agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Kai ma, idan ta Addis za ku bi, ka ɗaura haraminka tun a can, domin a sama za ku wuce miƙati, bayan gidan jirgi kuwa ko juyawa da ƙyar.