Me ya sa jarida ke yin ja, tsohon rubutun hannu kuma yana nan garau?

Tambaya: Ina sayar da littattafai da jaridu a Garwa. Jarida in ta sha rana kwana biyu sai ta yi ja, daga baya ta riƙa karyewa, alhali Alƙur'anin da kakanmu ya rubuta da hannu takardarsa na nan da ƙarfinta. Me ya bambanta su?

Amsa: Malam, bambancin tun daga cikin icen yake. Busasshen ice abu uku ne a haɗe. Akwai selulos, wato zaren da ke zama takarda, kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Akwai hemiselulos, wani dangin selulos ɗin. Sai lignin, kashi 20 zuwa 30, wanda ke manne zaren kamar ƙaro har itace ya iya tsayuwa. Wannan lignin ɗin shi ne mai laifin.

Takardar jarida niƙa icen kawai ake yi da inji a cikin ruwa. Kilo 100 na ice kan ba da fiye da kilo 90 na ɓargaje, wato niƙaƙƙen icen da ake yin takarda da shi, shi ya sa take da araha, amma lignin na nan ciki. Da hasken rana da iska sun taɓa shi sai ya sauya, ya koma ruwan ɗorawa. Niƙan kuma ya riga ya gutsuttsura zaren, ba ta da ƙwari tun farko.

Takarda mai kyau dafa icen ake yi. A sassare shi ƙanana, a zuba a ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai murfi da kostik soda, irin ta masu sabulu, da wani sinadari, sodiyam salfaid, a kai zafi wajen digiri 170 na kimanin awa biyu. Lignin ya narke ya bi baƙin ruwa, abin da ke saura bai fi rabin icen ba. Gwanintar tana wajen sauke tukunya: in an yi gaggawa, gutsattsarin ice za su fito ba su dahu ba, in an wuce lokaci, sodar ta fara cin selulos ɗin kansa, takarda ta yi rauni. Buhun siminti na takarda daga wannan dahuwar yake, ba a wanke launinsa ba, kuma da ice mai dogon zare kamar fain, milimita 3 ko fiye. Zaren itacen turare kuwa wajen milimita 1 ne, ya fi dacewa da takardar rubutu mai santsi.

Shi kuwa Alƙur'anin kaka, mai yiwuwa takardarsa irin ta dā ce, wadda ake yi daga tsummokaran auduga da lilin, kuma zaren auduga fiye da kashi 90 selulos ne, kusan babu lignin.

Don Allah kada ku naɗe shi da jarida, tsaminta na ratsawa ya ci shi. Kada a liƙe yagewa da salatif. A ajiye shi cikin gafakarsa, nesa da rana da danshin bango lokacin damina.