Me ya haɗa allurar amosanin gaɓɓai da gwajin tarin fuka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Makka tare da mahaifiyata, wadda ta daɗe tana fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda ke kumbura yatsu ya sandarar da su da asuba. Maganin methotrexate bai wadatar ba, yanzu likitanta ya ce za a koma allurar Humira, amma sai an yi mata gwajin tarin fuka da hoton ƙirji. Alhali ko tari ba ta yi. Me ya haɗa ciwon gaɓɓai da huhu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya. Likitanta ya yi daidai, domin sinadarin da ke kumbura mata gaɓɓai shi ne kuma yake tsare ta daga tarin fuka, kuma allurar za ta danne shi a ko'ina cikin jiki.

Ƙwayoyin halittar garkuwar jiki ba su da ido, da wasu sunadarai da ke fatarsu da cikinsu suke gane abin da ya shigo, waɗanda za mu kira makarɓan saƙo. Kowane makarɓi yana da abin da ya dace da shi, idan abin ya manne masa sai ƙwayar ta farka ta fara aiki. A shekarar 1996 Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa ƙudan 'ya'yan itace da ya rasa makarɓin da ake kira Toll yana mutuwa idan naman gwari ya kama shi, a 1998 kuma Bruce Beutler a Amurka ya gano cewa ɗan'uwan wannan makarɓi a jikin ɓera, wato TLR4, shi ne ke gane wani sinadari na ɓawon bakteriya. Wannan aiki ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2011. Mutum yana da irin waɗannan makarɓa guda 10.

Idan makarɓi ya gane cuta, ƙwayar takan saki sinadaran kira, kuma babba daga cikinsu shi ne TNF, wanda shi ma yana da nasa makarɓan guda biyu a jikin wasu ƙwayoyin. Da ya manne musu sai jijiyoyin jini su buɗe, ruwa da fararen ƙwayoyin jini su kwarara zuwa wurin, a ga kumburi da zafi da raɗaɗi. Wannan kariya ce idan akwai abokin gaba. A ciwon Hajiya kuwa kiran ba ya tsayawa, sai kumburin ya dinga cin guringuntsi da ƙashi. A farkon shekarun 1990 Marc Feldmann da Ravinder Maini a Landan suka nuna cewa toshe TNF kaɗai yana kwantar da ciwon, daga nan aka samu magunguna irin su adalimumab, wanda shi ne Humira, da aka amince da shi a Amurka a 2002. Aikinsa shi ne ya cafke TNF kafin ya isa ga makarɓinsa.

A nan tarin fuka ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar cutar, yawancinsu ba su da alama ko ɗaya, domin garkuwar jiki ta kewaye ƙwayar da ganuwa ta ƙwayoyin halitta, ta kulle ta shekara da shekaru. TNF ne ke riƙe da wannan ganuwa. Idan aka danne shi tana iya rushewa, ƙwayar ta fito, kuma sau da yawa ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, takan kama kaluluwa ko ƙashi ko ta watsu a jiki. Saboda haka rashin tari ba hujja ba ce, musamman ga wadda ta taso a ƙasar Hausa ko take zaune a Makka cikin cunkoson mahajjata da masu Umra.

Gwajin na jini ne ko na fata, kuma akan haɗa da na ciwon hanta nau'in B. Idan ya nuna ƙwayar tana kwance, ba a fasa allurar ba ne, za a fara ba ta maganin tarin fuka na watanni, irin su isoniazid ko rifampicin, sannan a shigo da Humira lokacin da likita ya ga ya dace. Bayan ta fara, zazzaɓi mai daɗewa ko gumin dare ko ramewa abin kai wa asibiti ne ba tare da jinkiri ba. Idan kuma tana shirin zuwa gida Najeriya ko Nijar, ki faɗa wa likitanta tun yanzu, domin rigakafin zazzaɓin shawara (yellow fever), wanda ake yi wa masu tafiya can, na ƙwaya mai rai ne, ba a yi wa wanda ke kan wannan allura.