Lambun Tsakar Gida: Kun Tambaya, Mun Amsa

Tun da kaka ta kama, yawancin wasiƙun da ke iso mana daga Sakkwato a kan abu guda suke: yadda za a shuka kayan miya a gida da takin gargajiya, ba takin zamani, ba maganin feshi na kanti. Ga guda biyar da muka zaɓa a wannan fitowar.

Assalamu alaikum. Tsakar gidana duk siminti ne, don haka na cika buhuna da ƙasa, na zuba kashin awakin da na kwaso daga turke, na shuka alayyahu. Ya tsiro da kyau, amma bai yi kwana goma ba ya yi ɗorawa-ɗorawa, bakin ganyen ya ƙone, ya mutu. Ina kuskuren yake? — Wata Hajiya daga Mabera

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ku yi kuskure a kan buhu ba, kuskuren yana ga takin. Kashin da aka kwaso daga turke ɗanye ne, ya jiƙe da fitsari, kuma fitsarin dabba yana ɗauke da gishiri da wannan sinadari mai yaji da ke shiga hanci idan an kusanci turke. Saiwar ɗan tsiro ba ta iya jure su. Sa'annan da kun fara ban ruwa, kashin ya soma ruɓewa a cikin buhun yana fid da zafi. A fili zafin kan watse, a buhu kuwa ba shi da mafita. Ɗanyen kashin kaji ya fi na awaki wannan ɓarna nesa ba kusa ba.

Magani shi ne a ruɓar da takin tukuna. A garin da iska ke busar da komai kamar namu, rami ya fi tsibi. A haƙa rami mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, zurfin santimita 60, a wurin inuwa. A shimfiɗa busassun abubuwa kaurin santimita 15: ganyen da aka share, yankakken karan gero, ɓawon gyaɗa. A ɗora kashin dabba kaurin santimita 5, a zuba ɓawon albasa da sauran tarkacen kayan miya, a barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa. Haka za a yi ta jerawa har ramin ya cika, a rufe da tsohuwar tabarma. Awon ruwan shi ne: idan kun damƙi takin a hannu ya dunƙule, amma ruwa bai tsiyaya ba. Bayan kwana uku ko huɗu ku soka sanda har ƙasa, ku bar ta ɗan lokaci ku zaro. In ta fito da ɗumi, aiki ya kama. In ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In kuwa wari ya tashi, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara busasshen ganye a juya. Ana juyawa duk mako biyu, kuma cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya riƙa marmashewa, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya sauka a kai. Tun da gidanku siminti ne, tsohuwar ganga da aka huda ta ƙasa da gefe za ta yi aikin ramin.

Kada nama ko mai ko kashin kare da kyanwa su shiga. Toka ma kada a cakuɗa ta da ɗanyen kashi, domin tana korar abincin ganye ya bi iska. A ajiye ta daban. Ƙasar juji kuwa, ko da ta yi baƙi tana ban sha'awa, ba mu yarda a ci ganyen da ya fito daga cikinta ba, saboda matattun batura da ƙonanniyar leda da ke ciki. Akwai kuma batun lafiya: ɗanyen kashi na ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, shi ya sa ƙa'idar noman da ba sinadari ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da cin abin da ke taɓa ƙasa, irin su latas da karas.

Wajen cika buhu, kwano biyu na ƙasa, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kwano ɗaya na tsohon buntun shinkafa. Lakar fadama zalla tana daskarewa ta tsage a buhu, rairayi zalla kuma ba ya riƙe ruwa. In an samu a haɗa su rabi da rabi, ya fi. A naɗe bakin buhun ya tsaya santimita 25 zuwa 30, a huda ƙasansa wuri goma, a ɗora shi kan bulo ko katako. Wannan ɗorawar ba ado ba ce, simintin Sakkwato da tsakar rana yana iya dafa saiwa. Ƙwayar alayyahu ƙanana ce ƙwarai, sai a gauraya rabin ƙaramin cokali da rairayi ninki goma a watsa, a rufe da ƙasa sama-sama. Mako uku zuwa huɗu ya isa yanka. In kun bar tsawon yatsa biyu daga ƙasa, zai sake tohowa.

Na dasa tumatir a bokiti cikin watan Fabrairu. Ya yi ganye shar, ya yi fure da yawa a Afrilu, amma furen duk ya kakkaɓe, ko ɗa ɗaya ban gani ba. Wani ya ce iri ne marar kyau. — Wani Malami daga Arkilla

Malam, Allah ya gafarta, ba mu ga laifin irin ba. Lokaci ne ya kuɓuce. Furen tumatir ba ya ɗaukar ɗa sosai idan zafin rana ya haura digiri 35, musamman idan dare ma bai sauka ƙasa da digiri 24 ba: garin furen yana lalacewa, furen ya bushe daga wuya ya faɗi. A Sakkwato kuwa Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 kwana da kwanaki. Ko wane iri kuka dasa, da abin da za ku gani ke nan.

Ku dubi manoman rani na Kwalkwalawa da Goronyo, ba sa jiran bazara. A yi reno cikin Oktoba, a wuri mai inuwar rana tsaka. Bayan mako uku zuwa huɗu, idan ɗan tumatir ya yi ganye huɗu ko biyar, a dasa shi da yamma, guda ɗaya tak a bokiti mai lita 20. Furensa zai faɗo cikin sanyin Disamba, a fara tsinka a Janairu zuwa Fabrairu. Irin tumatir da ake kira UC82B da Roma VF duk suna yi a nan. A kafa masa sanda, a tabbata yana samun rana ta awa shida, kuma tun da tsakar gida katanga ta tare iska, a ɗan girgiza sandar da hantsi don garin furen ya zuba inda ya kamata. Ganyen nan shar da kuka ambata ma abin lura ne: idan takin kaji ya yi yawa, tumatir yakan tafi ga ganye ya manta da 'ya'ya.

Hunturu shi ne kuma lokacin latas, kabeji, karas, lansir, tafarnuwa da albasa. Karas ba a dasa shi, a inda zai zauna ake shuka shi. Albasa tana mako shida zuwa bakwai a reno, kuma irin Galmi ta Nijar da ke shigowa ta Illela ya saba da ƙasarmu. Idan bazara ta shigo, a koma ga masu jimiri: alayyahu, yakuwa, rama, lalo, kuɓewa da zogale, a kafa musu rumfar zana da za ta tare ranar azahar zuwa la'asar.

Ruwa saye muke yi wurin 'yan garuwa. Zan iya ba shuka ruwan wanke-wanke da na wanki? — Wata 'yar'uwa daga Runjin Sambo

'Yar'uwa, ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na wankin kayan miya, duk ki tara su a bokiti, alheri ne. Ruwan omo da na bilic kuwa a'a. Gishirin da ke cikinsu yana taruwa a buhu, ki ga fari-fari a saman ƙasa, bakin ganye na ƙonewa alhali ƙasar a jiƙe take. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ma yana haifar da haka. In kin gani, ki kankare saman, ki kwarara ruwa mai kyau har ya fita ta hujin ƙasa.

Dabarar da muka fi so ita ce tukunyar ƙasa. Ki sami wadda ba a shafe ta da fenti ko siminti ba, mai cin lita biyar zuwa goma, ki binne ta har wuya, ki shuka tsiro huɗu kewaye da ita, tazarar santimita 20 zuwa 30. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓun kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha ba. Ki rufe bakinta saboda sauro, ki duba duk kwana biyu ko uku ki cika. A bokiti, gorar roba da aka huda da allura aka binne tana kamanta wannan. Sai ki rufe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa kaurin yatsa uku, amma kada ta taɓa gindin shukar, don gara. Ban ruwa da sassafe ne ko bayan la'asar, a gindi ba a kan ganye ba. Kafin ki zuba, ki soka yatsa: in akwai danshi a gaɓa ta biyu, ki bari sai anjima. Abin da tumatir ya fi ƙi shi ne yau ƙishi gobe ambaliya. Shi ke sa ƙasan ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, mutane su zaci cuta ce.

Ganyen tattasai da kuɓewata suna nannaɗewa, akwai ƙananan ƙwari manne a bayansu, wasu kuma farare suna tashi in na taɓa. An ce dogonyaro magani ne, na tafasa ganyen na fesa, ban ga canji ba. — Ɗalibi daga Dundaye

Ɗana, na mannen nan darɓa ce, masu tashin kuma farin ƙuda. Dukansu ruwan ganye suke tsotsa. Dogonyaro yana aiki, sai dai ƙarfinsa a ƙwallon yake fiye da ganye, tafasawa kuma tana rage shi.

Ka tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, ka wanke naman, ka shanya a inuwa. Wanda ya yi fumfuna ka zubar. Ka fasa, ka daka ƙwayar ciki a turmin da ba na abinci ba. Giram 50 ake sa wa lita ɗaya ta ruwa, wato rabin kilo a lita goma. Ka ƙulle garin a ƙyalle, ka jiƙa ya kwana, da safe ka matse ka tace, ka narka gutsuren sabulun sanda kamar ƙwayar gyaɗa a kowace lita don ruwan ya kama ganye. A ranar za a yi amfani da shi, ba a ajiyewa. Fesawa da yamma ce liƙis, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa, ƙudan zuma kuma sun tafi. Ka juya ganye ka fesa bayansa, can suke. Kada ka jira ka ga gawa nan take: dogonyaro hana ƙwaro ci da girma yake yi, sai bayan kwana uku ko huɗu ake ganin sauƙi. Ka maimaita duk mako, ka tsaya kwana uku kafin tsinka saboda ɗaci. Guntun jarka mai launin ɗorawa da aka shafe da basilin aka rataya kusa yana kama farin ƙuda da yawa.

Amma akwai inda dogonyaro ba ya kaiwa. Idan sabon ganyen tumatir ko tattasai ya ƙanƙance, ya naɗe sama, gefensa ya yi ɗorawa, shukar ta daina tsawo, to farin ƙuda ya riga ya sa mata cutar da ba ta warkewa. Ka tuge ta ka fid da ita daga gidan, ko da kana jin ciwon hakan, don ceton sauran. Haka tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016: cikin naman ganye take shiga, ta bar tabo fari kamar takarda. Duk ganyen da ka ga haka, ka cire ka ƙone tun tana ciki.

Kuɓewata tana yaushi da rana ko da na ba ta ruwa. Da na tuge ɗaya, sai na ga saiwar duk ƙulli-ƙulli. Ga kuma ƙadangaru suna cinye duk abin da ya tsiro. — Wani dattijo daga Gidan Igwai

Baba, ƙadangaru da kaji maganinsu shinge ne: a kifa raga a kan ɗan tsiro har ya yi mako uku. Sai dai kada a sa gidan sauron da ake rabawa a asibiti, akwai maganin ƙwari a jikin zarensa.

Ƙullin saiwa kuwa aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, mai son ƙasa mai rairayi da ɗumi. Tana toshe hanyar ruwa a saiwa, shi ya sa shukar ke yaushi ƙasa na jiƙe. Ku tuge duk waɗanda suka kamu da saiwarsu ku ƙone, kada su shiga ramin taki, kuma kada ku mayar da kuɓewa ko tumatir ko yalo cikin wannan ƙasar. Masara ta fi jure mata. A nan zafin garinmu yana da amfani. Cikin Afrilu ku juye ƙasar, ku baza ta kaurin santimita 15, ku jiƙa ta sosai, ku rufe da farar leda mai nuna ciki, ku danne gefenta da ƙasa don kada iska ta shiga. Ku bar ta a rana mako huɗu zuwa shida. Bayan an yaye, a ƙara ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya cikin huɗu, da cikin tafin hannu na dakakken ƙwallon dogonyaro a kowane buhu, a jira mako biyu kafin a shuka.